Hannun Baba Sigina

Tun ranar da muka binne Baba, duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwa sai ya ɗaga hannu kafin ya buɗe baki. Ba shiri suka yi ba. 'Yan zumuntar mata sun yi, tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka zo daga Kagoro da Zonkwa sun yi, har 'yan acaɓan bakin layinmu, waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa faɗa kan gudun banza, sun jeru a ƙofa kowa hannu a sama. Wani ƙato a cikinsu ya fashe da kuka yana cewa, "Anti, yanzu wa zai tsayar da mu?" Na ce masa ya yi haƙuri, ramukan titin suna nan ba su mutu ba. Ya yi dariya da hawaye a fuska, ni ma haka.

Amma bayan "sannu da haƙuri" da "Ubangiji ya ta'azantar da ku", magana ɗaya ce ke cin kowa. Sun ga tsohon direban jirgin nan, ɗan ƙabilar Ibo da ke zaune a tsallaken titinmu, a kan bencin iyali ranar sujadar jana'iza. Wata tsohuwa daga ƙauyenmu ta ja ni bayan ɗaki, ta riƙe min hannu kamar zan gudu.

"Yarinya, ba wannan mutum ne ya kashe uban da ya haife ki ba? Kuma mamanki ta yarda?"

Yaran gidan kuwa ba su ma san akwai wata magana ba. Su dai sun san Kaka ba ya gaisawa da mai shagon tsallake, kamar yadda suka san ba ya cin kuɓewa. Tsofaffi sun san rabin labarin, yara ba su san komai ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Baba wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni, a gidansa na yi wayo, ban kuma taɓa kiran wani Baba ba sai shi. Duk Kafanchan Baba Sigina ake ce masa, har a coci, har fasto in ya manta. Aikinsa a tashar jirgi shi ne tsayawa a filin da ake haɗa taragu da raba su, da tuta ja da kore a hammata, yana yi wa direba magana da hannu, domin in inji na ruri ko ka tsage maƙogwaro ba mai jin ka. Hannu biyu a sama, tsaya. Hannu ɗaya a miƙe gefe, hanya a buɗe take. In ya miƙa hannu daidai kafaɗa yana jawo shi zuwa ƙirji, taho gare ni ke nan. Direba kuma sai ya amsa, ko da ɗaga hannu ko da ɗan gajeren usur, kafin ƙafa ɗaya ta jirgi ta juya.

Kalmar sigina daga can ya ɗauko ta, ya kawo ta gida, ta zauna da mu kamar 'yar riƙo. In hadari ya haɗo ta kan duwatsun Kagoro sai ya ce sama ta ba da sigina, a kwashe citta daga shanya. In matarsa, wadda muke kira Mama Babba, ta ajiye masa kwanon tuwon acca da ɗan ƙarfi, sai ya dube mu ya rage murya ya ce, "Jan sigina. Kowa ya tsaya inda yake." Mai mota da ya karya kwana bai kunna wuta ba, a wurin Baba ya fi ɓarawo laifi, don ɓarawo ma yakan yi sanɗa ka gane nufinsa. Da wayar hannu ta zo, ya ga jikokinsa suna hawa turmi suna ɗaga waya sama wai sigina suke nema, ya daɗe yana kallonsu. Daga baya ya ce shi a zamaninsa mutum ke ba da sigina ƙarfe ya bi, yanzu ƙarfe ke bayarwa mutum na hawa turmi.

Amma kada ka kuskura ka kira kowane motsin hannu da wannan suna a gabansa. Na taɓa ce masa wata ƙawata ta yi min sigina a kasuwa. Ya tambayi me ta yi, na ce ɗaga min hannu ta yi.

"Kin tsaya? Kin juya? Kin fasa wani abu?"

"A'a, Baba."

"To gaisuwa ta yi maki. Zunɗe gulma ne, harara faɗa ne, ƙifta ido na 'yan iska ne. Sigina shi ne wanda wani zai ɗauki ransa ya ɗora a kan hannunki."

Dokokinsa biyu ne, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya haddace su kafin ya haddace Addu'ar Ubangiji. Ta fari, sigina ba ta cika sai an amsa. In ka ba da ita ba a amsa ba, ba ka sauke hannu, ko zai tsinke. Ta biyu, wanda bai ga hannu da idonsa ba, ba ya motsi. Saboda dokar fari ba a kiran yaro a gidanmu ya yi shiru, ko bakinsa cike yake da tuwo sai ya ɗaga cokali. Saboda ta biyu kuma ba a kawo wa Baba "an ce". Yakan tambaya, "An ɗin nan ɗan gidan wa ne?"

Na girma ina ɗaukar waɗannan dokoki a matsayin rigimar tsoho. Sai da na kai 'yan mata Mama Babba ta zaunar da ni tana tsince acca, ta gaya min inda ta biyun ta samo nauyinta.

Baba da Direba, wato mai shagon tsallaken nan, aminai ne tun suna samari. Tare suka shiga aiki, tare suka yanki fili, kuma da gangan suka gina gidajensu suna kallon juna, titi a tsakani, don su riƙa hira da hannu ba sai wani ya tsallaka ba. Mama Babba ta ce sukan yi awa guda kowa a ƙofar gidansa, ba kalma ko ɗaya, sai ka ga sun tuntsire da dariya tare. Ita da matar Direba har kishin hannayen nan suka yi. Baba ne kuma ya samar wa ƙanensa, mahaifina, aikin haɗa taragu. Shi ne mai shiga tsakanin tarago da tarago ya maƙala ƙarfe, wan nasa na tsaye a waje yana tsare masa rai da tuta.

Ran da abin ya faru ina goye. Mahaifina yana tsakanin taragu, Baba ya ɗaga hannu biyu sama. Direba yana ɗaya ɓangaren injin, bai hango shi ba. Mataimakinsa ya leƙa ta taga, ko me ya gani oho, ya juyo ya ce, "Ya ce mu je." Direba ya ja da baya.

Ba a yi doguwar magana tsakaninsu ba bayan nan. Direba ya zo ƙofar gida da yamma, ya durƙusa a ƙasa da kayan aiki a jikinsa, ya ce, "Ban ga hannunka ba. An gaya mini ne." Baba ya ce, "Wanda bai ga hannu ba, ba ya motsi. Kai ka koya mini." Ya shiga gida ya rufe ƙofa. Tun daga ranar bai sake ɗaga wa tsallaken titi hannu ba, har na yi aure, har na haihu, har 'yata ta shiga kwalejin Gidan Waya.

Ban san abin da ake kiran irin wannan zama ba. Ba gaba ba ce irin ta zage-zage, domin Baba bai taɓa ambaton mutumin da mugunta ba, bai kuma hana mu sayen sabulu a shagonsa ba. Kujerarsa dai ya juya. Kullum yana zaune a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro, amma a karkace, fuskarsa na kallon hanyar tasha. Fastoci sun zo sun tafi, kowane sabo sai ya gwada sa'arsa. Na tuna wani matashi mai zafin wa'azi da ya zo da Littafi a hannu, ya karanta wa Baba ayoyin gafara har kununsa ya huce. Baba ya saurare shi tsaf.

"Fasto, na yafe masa tun kafin a haife ka."

"To Baba, ka gaishe shi mana."

"Yafewa daban, ba da hanya daban."

Faston ya sha kununsa da sanyi ya tafi.

Duk da haka, ga abin da na gani da idona. Lokacin da matar Direba ta rasu, 'yan'uwansu suka zo da mota za su kai gawa gida kudu. Ranar kasuwar aladu ce, titin ya cushe, manyan motoci da mashina sun hana motar fita daga ƙofar gida, 'ya'yan marigayiyar suna kuka suna roƙon mutane. Baba bai je gaisuwa ba. Sai ga shi ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya shiga tsakiyar titi, ya ɗaga hannu biyu. Tsayin Baba bai kai ya kawo ba, amma tirela ta tsaya masa. Ya riƙe titin nan har motar gawa da duk masu rakiya suka fice, bayansa na kallon gidan makokin tun daga fari har ƙarshe. Da ya dawo Mama Babba ta dube shi kawai. Ya ce, "Me? Hanya na gyara."

Bayan ya yi ritaya, jirgi ma kusan ritayar ya yi. Ciyawa ta cinye layin, awaki suka gaje filin da ya yi wa bauta. Sai ya mai da tutocinsa bakin makarantar firamaren unguwa, inda nake koyarwa, yana tsallakar da yara safe da rana ba wanda ya sa shi. A nan ya saba da 'yan acaɓa. In ɗaya ya tsaya bai ɗaga hannu ya amsa ba, Baba ba zai sake shi ba, sai ya bar shi nan fasinja na zaginsa har ya tuna.

Mahaifiyata kuwa ba ta sake aure ba. Dangi sun so ta koma gidansu, Baba ya ce ɗakin ƙanensa ɗakinta ne har ranar da ta gaji da shi, ba ta kuma gaji ba. Mace ce mai yawan aiki da ƙarancin magana. Ita ko sabulun ba ta taɓa saye a tsallake ba. In za ta coci takan bi ta bayan gida ta zaga ta lungun masu niƙa, don kada ta bi ta gaban shagon. Direba ya san da haka. 'Ya'yansa sun yi ta fama ya koma gida ko ya bi su Abuja, ya ƙi. Ya ce wa babban ɗansa akwai abin da yake jira a Kafanchan.

Daminar bara ciwon ya kama Baba. Yana cikin wanke fuska da safe buta ta faɗi, shi ma ya bi ta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa baki ba shi da amfani sai ga shi an karɓe bakin, kuma wallahi na ji zafin wannan fiye da yadda zan iya faɗa. Da aka sallamo shi daga asibiti muka riƙa fito da shi ƙarƙashin mangwaro. Mun ajiye kujerar a karkace yadda ya saba. Ya yi ta buga hannun kujera da hagu yana gurnani har muka gane juya ta yake so a yi. Muka juya ta, ta kalli tsallake.

Sai ya fara. Ya miƙa hannun hagu daidai kafaɗa, ya jawo shi zuwa ƙirji, ya sake miƙawa, ya sake jawowa. Hannun ba ƙarfi, yana rawa, bai yi kama da wanda ya tsayar da tirela ba, shi ya sa ko ni da na tashi a gidan ban gane ba. Na kawo masa ruwa, ya kau da kai. Yara suka ce ƙuda yake kora, aka kawo mafici. Mai gasa masa jiki da ke zuwa daga asibiti ta yaba, ta ce motsa jiki yake yi, a bar shi. Haka ya yi ta yi kullum, daga fitowa har rana ta kore mu ciki, hannun ya gaji ya faɗi kan cinya, ya huta, ya ɗaga.

Mama Babba ta sani tun ranar farko. Shiru ta yi saboda mahaifiyata. Sai wata ranar da ta ga hawaye na bin kuncinsa hannun bai tsaya ba, ta ajiye tsintsiya ta ce mana, mu duka muna tsakar gida:

"Ku bar kawo masa ruwa. Abokinsa yake kira."

Ta ƙara da cewa, "Siginar tsayawa hannu biyu take so. Yanzu ɗaya Allah ya bar masa."

Mahaifiyata ta ɗauki kwanon da take wankewa ta shige ɗaki.

Ni na tsallaka. Direba yana kan benci a ƙofar shagonsa da ya koma 'yan ledojin omo da ashana, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari da yana. Hausarsa irin ta waɗanda suka koya a tasha ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Na gaishe shi, na gaya masa Baba na kiransa, kullum, tun da aka dawo da shi. Na zaci zai zabura. Sai ya kama gefen bencin da hannu biyu.

"Ɗiyata, ka gani da idonka?"

"Na gani. Kowa ya gani."

"Ni ban gani ba."

Na ce ai ga shi na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Sau ɗaya na motsa a kan an ce. Sau ɗaya. Ka san abin da ya faru, kai ne aka bari a goye. Biko, don Allah, kar ka sa ni in sake."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata tsofaffin nan biyu taurin kai zai kai su kabari, ɗaya ba baki, ɗaya ba ido, titin da bai fi a tofa yawu ya tsallaka ba ya gagare su. Na ce to in kama hannunsa in kai shi kusa ya gani. Ya ce shiga filin mutum ba tare da sigina ba, shi ne motsin ai. Daga inda yake zaune, in ji shi, gidanmu duhu-duhu kawai yake gani, sai dai in abu mai launi ne ya gilma.

Na kawo wa Mama Babba wannan magana. Ta shiga ɗaki ta jawo tutocin daga ƙarƙashin gado. Koren ya koɗe ya koma kalar ruwan wanki, ko mai ido biyu sai ya matso. Ta juya shi, ta yi tsaki, ta buɗe akwati ta ciro sabon yadi kore shar da ta ajiye don Kirsimeti, ta sa haƙori ta yage shi. Ta ɗaure a tsohon sandan. Da yake yatsun Baba ba sa iya riƙo sosai, ta haɗa sandan da hannunsa ta naɗe da ɗankwali.

An yi ruwa da asuba ranar, gari ya wanke, rana ta fito fes. Baba ya ɗaga tutar. Ya kai ta gefe, ya jawo, ya kai, ya jawo. A tsallake Direba na zaune, fuskarsa na fuskantarmu, ba alamar komai. Mashina na wucewa, wata mai tallan masara ta tsaya kallo. Hannun Baba ya fara sauka, ya cije ya ɗaga. Ni dai na riga na fid da rai.

Sai tsohon ya miƙe tsaye. Ya sa tafin hannu ya kare rana, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga hannun dama sama, ya sa yatsu biyu na hagu a baki ya busa wani ɗan gajeren fito mai kaifi, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Baba ya saki hannunsa ya faɗi kan cinya, tuta da duka.

Direba ya sako ƙafa kan titi ba ya ganin ko mashin ɗaya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar kwalta ba, hannuna biyu a sama. 'Yan acaɓa suka tsaya, har da ɗaga hannu.

Bai yi wani jawabi ba da ya iso. Ya lallaba ya sami kujerar, ya durƙusa kamar yadda aka ce ya durƙusa wancan karon, ya ce, "Na ga hannunka." Baba ya ɗora masa hannun hagu a ka, sandan tutar na bugun kafaɗarsa. Mama Babba ta juya baya tana share ido da ragowar yadinta na Kirsimeti.

Daga ranar kullum sai ya zo, amma sai an ɗaga masa kore tukuna. Su zauna gefe da gefe, ya yi ta ba Baba labarin direbobin da suka mutu da tashoshin da suka zama gonar doya, Baba na amsawa da yatsu a kan gwiwarsa. Abinci kuma Mama Babba ke kawowa, domin in Direba na gidan mahaifiyata ba ta fitowa. Mahaifiyata ce ke yi wa Baba wanki, ita ke dama masa kunu ta ba shi a baki, ba ta taɓa gajiya ba. Amma da ta ji fiton nan sai ta shige ɗaki ta saki labule. Sau da yawa na ga Baba ya juya ya yi wa labulen nan irin kiran da ya yi wa tsallake. Wata rana tana goge masa baki ya kama zanenta, ya nuna bencin da abokinsa ke zama. Ta zare hannunsa a hankali.

"Baba, kai ƙane ka rasa, kana da wasu. Ni miji na rasa, ina da goyo. Kar ka roƙe ni wannan."

Bai sake kama zanenta ba, amma bai daina yi wa labulen hannu ba, har makon da ya daina fitowa. Ya cika da rana tsaka, ranar Talata, Mama Babba na riƙe da hannun hagun.

A maƙabarta, bayan fasto ya gama, aka sauke akwatin, aka ce ko akwai mai magana ta ƙarshe. Direba ya ce a ba shi tutar. Na miƙa masa, na kai shi bakin ramin. Ya gyara tsayuwa kamar saurayi.

"Duk rayuwata shi ke ba ni hanya," in ji shi. "Yau ni zan ba shi."

Ya miƙa hannu gefe, koren a miƙe. "Hanya a buɗe. Wuce, abokina."

Mutane suka ce amin. Masu shebur suka matso. Amma bai sauke hannu ba. Fasto ya yi gyaran murya, aka fara waƙa aka kai ƙarshen baiti, yana nan tsaye. Hadari ya taso ta Kagoro, iska na kaɗa tutar, hannun tsohon ya fara rawa tun daga kafaɗa. Baƙi suka soma kallon juna. Mu 'yan gida mun san abin da yake jira, mun kuma san wanda zai amsa yana cikin akwati. Na so in ɗaga hannu, sai na tuna ko na ɗaga ba zai gani ba, in kuma na ce masa an amsa, an ce ke nan.

Ban ga lokacin da mahaifiyata ta bar wurinta ba. Na dai gan ta ta ratsa ta tsakanin mata, ta zaga ramin, ta tsaya a gabansa dab da fuskarsa, inda ko mai yana zai gane mutum. Rabonta da tsayawa kusa da shi haka tun ina goye. Ta ɗaga hannunta na dama, ta riƙe shi a sama har sai da idanun nan farare suka tsaya a kai.

"Wane ne?" ya tambaya.

"Ni ce. Matar ƙanensa." Ta kama wuyan hannunsa da tutar, ta sauke shi a hankali. "Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"To sauke. An amsa."

Ruwa ya sauko kafin a gama rufe kabarin. Ita ta riƙe shi har mota, ita ta tsallakar da shi titi da muka iso.

Jiya da safe na fito na tarar da kujerar Baba a ƙarƙashin mangwaro inda muka bar ta, tana kallon tsallake. Mahaifiyata ta fito da kwanon kunu a rufe, ta miƙa wa 'yata kamar za ta aike ta, sai ta fasa. Ta gyara ɗaurin zane, ta bi ta ƙofar gaba, ta tsaya a bakin titi tana duba mashina.